Randar da Ta Rage

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya iyali, yaya jikin Inna Rabi? Mu nan Batsari alhamdulillahi, sai gajiya.

Kawu, maganar ƙwallayen giginyar nan uku ce, waɗanda ka tsinto a gonar Kaka ta Ruma kafin a sare uwarsu. Na binne su cikin tsofaffin randuna kamar yadda ka ce. Tun ƙarshen damina nake jawo ruwa ina ba su kafin in tafi makaranta, amma ko alamar ganye babu.

Ranar Laraba na dawo na tarar Goggo Asabe, wadda ta zo mana daga Zakka, ta tone randa biyu. Ashe sun daɗe da tsirowa ta ƙasa. Ta dafa murucin, har ta ajiye mini nawa a kwano. Na ce, "Goggo, shukawa fa na yi." Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, muruci ai ci ake yi. Wa zai zauna jiran giginya?" Na kasa cin nawa.

Na mirgina randar da ta rage zuwa bayan ɗaki, na rufe bakinta da ƙaya. Wallahi na gaji, Kawu, amma ita kaɗai muke da ita daga gonar da ba ma iya zuwa. A taya ni addu'a ta fitar da ganye.

A gaishe da yara.

'Yarka,
Hadiza