Akuyar da na saya wa Yaya

Yamai, daren Juma'a, damina ta biyu da samun mulkin kai

Gobe Yaya Maikasuwa zai sauka daga Dogon Dutsi. Rabonmu da gaisawa tun ranar da na tsaya gaban Baturen mulki, kwamanda, da ɗan Faransancina na mai da gonar Yaya tawa, shi Yaya yana tsaye bai ji ko kalma ba.

Na sayo akuya a Zongo don in aika masa tasha kafin ya ga fuskata. Matata Hannatu ta ce, "Haba Malam, Yakubu na Littafi Mai Tsarki garke ya tura wa wansa Isuwa. Kai akuya ɗaya, ita ma gurguwa?"

Da la'asar gyangyaɗi ya ɗauke ni a bakin kogi. Na ga wani yana takowa bisa ruwa, hannuwa buɗe, fuskar kamar ta Yaya, kamar ba tasa ba. Na buɗe baki in kare kaina, Faransancin ya gudu ya bar ni.

Ya Ubangiji, kai ka sa wa mayaudarin nan Yakubu albarka a bakin rafi, ba don ya cancanta ba. Akuya ta yi zamanta a gida. Ni zan je tashar da ƙafata, takardar gonar a aljihu.