Bakin Ƙorafi

Litinin, 3 ga Maris
Na gaji. Hajiya mai sito ta ce in zuwa Juma'a sabon farashi bai riƙa isa shagunanta ba, ɗan ƙanwarta mai digiri zai karɓi kujerata. Shirin kwamfutar da na rubuta da yaren Python tamkar uwa ne: kullum da safe ta haifi 'ya'ya, kowane ɗa ya kai farashi shago guda. Na ce duk abin da aka faɗa a zuba a fayil. Na buɗe, muryar uwar kaɗai: na fara, na gama. Ko lokacin da nake sayar da tsofaffin wayoyi a kasuwa ban kai ta rufa-rufa ba.

Talata, 4 ga Maris
Ashe juya bakin uwa ba ya juya na 'ya'ya. Sai ka damƙa wa kowane ɗa fayil ɗin tun wajen haihuwa. Na damƙa. Yanzu dukansu sun ce lafiya lau. Farashi kuwa ko ƙofa bai leƙa ba.

Laraba, 5 ga Maris
Baya na ciwo. Maman yara ta tambayi aiki, na ce lafiya lau.

Alhamis, 6 ga Maris
Shegu, baki biyu gare su! Bakin lafiya lau, mai suna stdout, shi na tara a fayil. Bakin ƙorafi, mai suna stderr, yana zuba a allon da ba mai kallo. Na haɗa su wuri ɗaya. Layin farko: ba mu ga folda ba, wato ma'ajiyar farashin. Ni na canja mata suna watan jiya. Na gyara, farashi ya tafi.
Gobe Hajiya za ta duba fayil. In goge layukan, in tura ƙorafi rami, wa zai sani? Hannuna ya daɗe a kan madannan kwamfuta.

Juma'a, 7 ga Maris
Ban goge ba. Kasala ce kawai.
Hajiya ta saka tabarau, ta tambayi wannan dogon surutun na mene ne. Na ce ƙarata suka kawo.
"To, su dai ba su koyi bakinka ba. A bar min su haka. Sai Litinin."
A gida Maman yara ta sake tambayar aiki. Na buɗe baki da lafiya lau, sai kuma bakin ƙorafi ya karɓa... Kafin in gama, abinci ya huce.