Musun Fim Ya Sandarar Mini da Tuwo

Daren Alhamis, Illela

Na gaji. Tun ƙaramar sallah ban ga ƙanena Bello ba. Yau ya tsallako daga Konni, na yini a bakin murhu saboda shi. Ina ajiye kwano, shi da maigidana suka kaure da musu kan finafinan nan na yaƙi a sararin samaniya. Maigida ya ce tsofaffin su ne fim, sababbin walƙiya ce kawai. Bello ya ce, "Yaya, mi ka sani? Fassarar Hausa ka kalla, ni da Faransanci na gani." Rai ya ɓaci. Bello ya tada babur ko loma bai kai ba, maigida kuma wai ya ƙoshi. Masu fim ɗin ba su ma san da Illela ba, ni ga tuwona ya sandare.