Laifin da Kika Ɗora Mini Ranar Husufi

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Hajara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yau wata biyar da rasuwarki. Na san ba a aika wa kabari takarda, na kuma san masu karanta wannan za su ce Rabi ba ta da kunya, tana tone-tone a kan uwar da ta riga mu gidan gaskiya. Su faɗa. Shekara goma sha tara ina jin kunya, ban ga abin da ta tsinana mini ba.

Kin tuna shekarar da aka yi husufin rana. Na zo goyon ciki gidanki a Gwiwa, cikin fari, wata bakwai. Da hantsi gari ya soma dusashewa, kaji suka nufi akurki, maƙwabta suka hau kiɗan gwangwani. Kika tura ni ɗaki kika saki labule, kika ce mai ciki ba ta ganin wannan abu. Da kika juya ɗaure akuya, na fito bakin ƙofa na ɗaga kai. Ban kai minti ɗaya ba kika waiwayo. Kika gan ni, kika girgiza kai.

Bayan wata biyu na haifi Hafsatu da tsagaggen leɓe.

Ungozoma ba ta gama yanke cibi ba kika yanke mini hukunci. Kin ce, "Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho." Jini bai tsaya mini ba, Inna, kika faɗa. Ranar suna kika rufe fuskar jaririyar da zane, duk matar da ta ɗaga sai ki ba ta labari tun daga tushe: yadda kika hana, yadda na fito, yadda na ɗaga kai. Kafin la'asar babu wadda ba ta haddace ba. Liman ya raɗa mata Hafsatu, ke kika raɗa mata Ta-husufi, kuma naki sunan ne ya bi ta har makarantar firamare a Kazaure.

Ba zan yi miki butulci ba. Ke kika yi mini wankan jego kwana arba'in, kika dama mini kunun kanwa. Da yarinyar ta kasa kama nono, ke kika zauna da ƙaramin cokali kina ɗura mata wanda na tatsa, ɗigo-ɗigo, ba ki taɓa ƙosawa ba. Amma hannunki na ba ta, bakinki na cewa, "Sha, baiwar Allah, ba ke kika leƙa ba." Har yau ban san yadda mutum ɗaya yake iya yin waɗannan biyun a zama ɗaya ba.

Na yarda da ke, nan ne ɓarnar take. Da likitoci suka ɗinke leɓen a Kano tana shekara uku, ban tambaye su dalili ba, don a ganina na riga na sani. Duk sanda na dubi tabon sai in ga aikin hannuna. Na hana a ɗauke ta hoto. Na koya mata rufe baki da mayafi idan za ta yi dariya. Wata rana ta fasa mini kwano, na ce mata ita ce sakamakon taurin kaina. Shekararta bakwai. Bakina ne ya faɗa, amma maganar taki ce.

Daga nan na zama mace mai neman laifi a kowane abu. Allurar keken ɗinkina ta karye, sai in ce me na yi. Ruwa ya yi jinkiri, sai in ce zunubin wa ya riƙe shi. Mijina ya yi zazzaɓi, sai in hau binciken kaina. Hawan jini ya kama ni ban kai talatin da biyar ba.

Bara Hafsatu ta dawo hutu daga jami'a, inda take karatun kimiyya. Da rana tsaka muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta ɗauki goruba ta riƙe sama da ƙwarya, inuwar gorubar ta faɗa a bayan ƙwaryar. Ta ce ƙwaryar duniya ce, gorubar wata, husufi ke nan, babu ƙari. Ta ce inuwar da ta rufe mu a Gwiwa ta ratso teku da ƙasashe kafin ta iso, ta wuce wasu ƙasashen bayanmu, kuma masana sun lissafa ranar da sa'arta tun kafin a haife ni. Ta ce ranar nan da muke shanya a ƙarƙashinta tauraro ɗaya ce cikin taurarin da ba su ƙirguwa. Sannan ta sauke murya ta ce leɓen jariri yana haɗuwa tun cikin bai cika wata biyu ba. Nawa cikin wata bakwai ne. Ranar da na ɗaga labulenki, an yi wata biyar da gama abin da aka ƙaddara.

Na zauna da gyaɗa a hannu na kasa ɓarewa. Ashe inuwar ba ta san da ni ba, Inna. Ba ta san Gwiwa ba balle ɗakinki. Allah ya ɗora rana da wata a kan tsarin da ba ya kuskure, ni kuwa ina nan ina zaton an karkato da su ne don a hukunta Rabi mai ɗinki. Ko girman kai ai ya yi yawa.

Tun daga ranar na samu sauƙin da magani bai ba ni ba. Allura ta karye, in sa wata. Ruwa ya yi jinkiri, in yi addu'a in saurari hasashen yanayi, ban tuhumi kowa ba. Mai ciki ta kawo ɗinki, in ce ta je awo da wuri, ta bar tsoron abin da ke sama. Na kai Hafsatu an ɗauke mu hoto, bakinta a buɗe.

Na hau mota na zo miki da wannan, kina kwance ciwo ya ci ƙarfinki. Na ɗauka zan sauke miki kaya ne ke ma. Na yi miki bayanin goruba da ƙwarya, na lissafa miki watanni da yatsu. Kika saurara har ƙarshe, kika ce, "To da kin zauna a ɗaki, wa zai zarge ki?" Kika juya fuska bango.

Da jikin ya tsananta kin nemi yafiyar kowa. Kin kira ƙannenki, kin aika har garin Roni wurin matar da kuka yi faɗa a kan iyakar gona, har mai kawo miki nono kin roƙa. Ni da Hafsatu muna zaune a bakin gadon, kika ce mu miƙo miki ruwa.

Ina kewarki, Inna. Ina kewar tuwon dawarki da faɗanki. Yanzu na gane tsoro ne ya sa ki, tsoron da aka ba ki kika ba ni, ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya nuna miki goruba kina da ƙuruciyar da za ki saurara. Nawa haƙƙin na yafe, duniya da lahira, ba don kin nema ba.

Na Hafsatu kuwa ba nawa ba ne da zan bayar. Na roƙe ta gafarar abin da ni na yi mata, ta yafe mini nan take. Da na ce saura kakarta, sai ta ce, "Umma, kullum ina yi mata addu'a. Kada ki sake tambayata." Ban sake ba, kuma ba zan sake ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Allah ya sassauta zuciyar jikarki kafin ku haɗu.

'Yarki,
Rabi, daga Kazaure.