Ta Shigar Mini Ciniki, Kuma Ni Za A Kora

Anti Hauwa'u, ki taimaka mini kafin Juma'a, don raina a ɓace yake.

Mahaifina baduku ne a Ƙofar Dumi, shekararsa arba'in yana ɗinka takalman fata da hannunsa. Ni ban yi boko ba, a allon shaguna da tsofaffin jaridu na koya wa kaina karatu, amma yau ni ke tallata aikinsa a wani zauren saye da sayarwa na WhatsApp. Rabin cinikinmu daga can yake zuwa. Har Jos an san ɗinkin Baba.

Ranar Litinin na sa hoton wani sabon takalmi. Wani mutum ya taya, na ce albarka, ya ƙara, muna dab da daidaitawa. Sai ga wata Jemima daga Shadawanka, mai sayar da na kamfani, ta faɗo ƙarƙashin hotona wai tana da irinsa a rabin kuɗi, ya same ta ta gefe. Irinsa! Anti, a wace kasuwa ake haka? Mai saye na tsaye gaban rumfarka, maƙwabci ya miƙo hannu ya janye shi?

Na rubuta mata amsa mai tsawo, kuma wallahi ta tsaru. Na bayyana yadda ake jeme fata, na ce nata gam ne da roba, ruwan sama ɗaya ya ishe shi. To, na kuma ce in albashin mijinta ba ya isarsu, ta fito fili mu yi mata karo-karo. Mutane sun yi ta dariya.

Yanzu Hajiya Jannatu, shugabar zauren, ta ce in ba da haƙuri a gaban kowa kafin Juma'a ko ta cire ni. Ni da aka shigar wa ciniki! Baba bai san komai ba. In na durƙusa, na zubar da girmansa. In na ƙi, na rufe masa kasuwa.

Ɗan Baduku, Bauchi

Ƙanena,

Da gaskiyarka. Shiga cinikin wani rashin ɗa'a ne, a rumfa ko a waya, kuma alfaharin da kake yi da aikin mahaifinka ya burge ni. Sai dai wataƙila Jemima ta saba ganin ana haka ne a wasu zaurukan, ba ta ɗauke shi laifi ba. Kuma a kasuwa, wanda aka yi wa haka wajen shugabanni yake kai ƙara, ba ya tara jama'a. Da ka fara samun Hajiya Jannatu, da ba kai ake ba wa'adi ba.

Ka ba da haƙuri, amma ka san a kan me. Zaunar da Baba, ka karanta masa amsar da ka rubuta wa Jemima daga farko har ƙarshe. Abin da ka iya karantawa kanka a ɗage, bar shi, ba ka janye ko kalma ɗaya. Inda muryarka ta sarƙe, nan ne laifinka. Mijin matar nan bai taɓa takalminku ba.

Rubuta ban haƙurin a zauren, layi biyu kawai, kada ka sa "amma" a ciki. Bayan nan ka roƙi Hajiya ta kafa dokar hana talla a ƙarƙashin hoton wani. Za ta fi saurarenka kana cikin zauren.

Allah ya sa albarka a hannun Baba, ya sanyaya maka zuciya kafin Juma'a.

Anti Hauwa'u