Jan Ganyen da Baba Ya Gani

Camberwell, London
22 ga Oktoba, 1972

Zuwa ga ƙanwata Zinatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yaran. Yaya ibada? Allah Ya karɓa mana.

Baba yana nan lafiya, sai sanyi da ya sa shi naɗa rawani har a ɗaki. Likita ya duba shi. Idon hagu ya tafi, wannan mun sani. Na dama za a yi wa aiki ran 20 ga watan gobe, kuma ya ce ko dai ya washe ko ya rufe gaba ɗaya. Yanzu abu mai launi babba Baba yake gani, kamar jar bas in ta wuce. Abin da yake fari ko toka-toka duk hazo ne a wurinsa.

Alhaji Mailafiya kuwa ya sami abin nunawa. Duk baƙon da ya shigo gidan nan nasa sai an kira Baba falo: ga abokina na yarinta, marini ne a Zariya, ni na kawo shi. Kuɗin man fetur ya sa mutumin da suka yi wanka a kududdufi ɗaya yana nuna ubana kamar sabuwar rediyo. Ni direbansa ne, na haɗiye. Amma jiya ban haɗiye ba.

A wannan lokaci ganyen itatuwan ƙasar nan yakan sauya launi kafin ya zube, Turawa su cika mota su tafi kallo. Alhaji ya ce shi ma za a kai shi duwatsun Wales da baƙinsa. Kin san Baba ba ya yi mini magana kai tsaye, ni ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa. Sai ya fuskanci taga ya ce wai an ce can akwai itatuwa kamar an tsoma su a jan rinin karan dafi, ko gaskiya ne? Na gane sarai. Amma da na ji tsarin zaman, baƙi a kujeru, Baba a can baya wurin tabarmi da kulolin abinci, sai kaina ya yi zafi. Na ce wa Alhaji a gaban kowa Baba yana azumi, kuma shi ba kaya ba ne. Na ce bayan sallah ni zan kai shi da kaina, a kujerar gaba. Baba ya ce to, ya koma ɗaki.

Ni na tuƙa su. Zinatu, ban so abin ya burge ni ba, amma ya burge ni. Hanya tana hawa tana lanƙwasa, kwari guda ja wur, gefensa rawaya, can sama ruwan goro, har kan dutse. Da muka sauka muka taka, ganye yana faɗo mana a kafaɗa. Baƙin Alhaji kuwa farashin siminti suke tattaunawa. Baba zai gan shi fiye da yadda suka gani, in sha Allahu. Na duba a littafin da na saya wurin masu tsofaffin littattafai, kakar ƙasar nan wata uku ce cur, sai ƙarshen Nuwamba. Akwai lokaci.

Ki gaida Inna, ki ce yajinta ya iso.

Yayanki,
Maharazu


Camberwell, London
19 ga Nuwamba, 1972

Zinatu,

Barkanku da sallah, ko da yake ta wuce. Ina fatan kowa lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Akwai wani dattijo, Dalyop, mutumin Jos, tsohon soja, yana dakon kaya da ƙaramar mota a Old Kent Road. Shi ya yarda ya kai mu, tunda ni ba ni da mota tawa. Tun kafin sallah yake ce mini yaro, ku zo mu tafi, ganye ba ya jiran liman. Na ce masa ni na karanta, shi ji kawai yake yi. Ya ce ai littafin nawa ba a kan itace ya kwana ba. Na ce ya riƙe iliminsa na bariki. Lahadin bayan sallah kuma Alhaji ya tura ni filin jirgi ɗauko wasu baƙi, na ce a ɗaga zuwa yau.

A tsakanin nan aka yi wata iska da ruwa wadda ta karya rassa a titinmu. Na ga itatuwan unguwa sun zama tsirara, na ce na gari ne, hayaƙi ya cinye su, na dutse suna nan. A gida ai itace yana zubar da ganye a hankali, rani guda. Haka na riƙa gaya wa kaina har muka ƙetare babbar gadar shiga Wales.

Baba ya sa babbar rigarsa mai shuni, wadda ya rina da hannunsa. Ya zauna a gaba kamar yadda na yi alkawari, ni ina baya kan buhu. Hanyar nan dai, lanƙwasar nan dai, na gane har wurin da muka tsaya da su Alhaji. Babu komai. Rassa baƙaƙe, sama toka-toka, ƙasa duk ruɓaɓɓen ganye mai ruwan ƙasa, ya jiƙe ya manne da laka.

Muka fito, na riƙe masa hannu muka hau. Bai yi ƙorafin gwiwa ba. Ya yi ta juya kai hagu da dama yana buɗe idon. Da muka kai inda ake hango kwarin na tsaya. Ya jira. Can sai ya tambayi Dalyop, ba ni ba, wai da saura ne ko mun iso?

Dalyop ya dube ni. Shi ya ce mun iso, Malam. Baba ya sunkuya ya ɗebi ganyen ƙasa, ya murza, ya kai kusa da ido, ya sansana, ya zubar. Ya ce madalla, wuri ne mai iska.

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. A hanyar dawowa hira suka sha da Dalyop kan Jos da kasuwar Bukuru, har da dariya. Ni na zauna kan buhuna ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na gwada Alhaji, na gwada iska, na gwada wanda ya rubuta littafin. Ba wanda ya zauna.

Gobe da safe za a shiga da shi. Ku yi addu'a.

Maharazu


Camberwell, London
10 ga Disamba, 1972

Ƙanwata Zinatu,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta iso, na gode da ba ki yi mini faɗa ba, ko da yake na ji shi a tsakanin layuka.

An kwance bandejin. Idon bai dawo ba. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ya faɗa mana tun farko. Baba ya ce haka Allah Ya so, ya nemi a ba shi goro. Alhaji ya yanka masa tikiti, jirgin Baba zai sauka Kano ran Alhamis. Ki sa a gyara masa ɗakin ƙofa, a kawar da turmin da ke kan hanyar bayan gida.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya baƙi suka zo duba shi, falo ya cika. Alhaji, ban sani ba ko da nufi ko ba da nufi ba, ya ce kash, da Malam ya bi mu ran nan da ya ga abin kallo da sauran idonsa. Na buɗe baki. Baba ya riga ni.

Ya ce ai ya gani. Ya ce yaron nan ya kai shi, a kujerar gaba, har kan dutse. Ya ce shekara hamsin yana bakin karofi yana rini bai taɓa fitar da ja irin wannan ba, ja kan ja, rawaya tana bin gefensa kamar an yi wa riga aiki. Ya yi ta bayani yana nuni da hannu, baƙi suna Allahu akbar. Duk abin da ya faɗa, a bakin Hadizatu 'yar Alhaji, wadda ta bi su, ya ji shi ranar da na dawo da su daga Wales. Alhaji ya ce to madalla, Maharazu ya kyauta.

Zai ba ku wannan labarin. Zai ba Inna, zai ba abokan sana'arsa, zai ba duk wanda ya zo sannu da zuwa, kuma za a ce ɗansa na London ɗan albarka ne. A gida ke kaɗai kika san abin da ke kan dutsen nan. Kada ki gyara masa, Zinatu. Ni ma ina tsaye a wurin, riƙe da farantin shayi, ban gyara ba.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Naki,
Maharazu