Talabijin huɗu a ɗakin Inna

Zuwa ga yayana Habu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ƙanwarka ce Sa'a, mai bakin nan da ka sani.

Jiya masu sayen gwangwan suka taya tsohuwar kwamfutarka, na kore su har zaure. Shi ne na ce bari in yi maka godiyar da girman kai ya hana ni yi kana raye.

Ka tuna lokacin da idon Inna ya fara tafiya? Likita a Kano ya ce ba zai dawo ba, sai dai a rage masa sauri. Ba ta yi kuka ba, sai cewa ta yi fuskar Malam, wato marigayi Baba, ta fara ɓace mata. Hoton Baba kuwa babu ko ɗaya, sai kaset ɗin sunan da aka yi a Roni, inda ya gilma a bayan mutane. A ƙaramar talabijin ɗinmu duhu-duhu kawai take gani.

Sai ga ka da talabijin huɗu masu ƙusumbi daga shagonka na gyara, waɗanda masu su suka haƙura da su. Ka sa kafinta ya yi maka kanta, biyu sama biyu ƙasa. Ka zo da wani akwatin ƙarfe da ke yanka hoto gida huɗu ya ba kowacce rabonta, da kwamfutar nan da ta yi ruwan ɗorawa don tsufa. Wallahi dariya na yi maka. Na ce ɗakin Inna ya zama bola.

Ka ce min, "Ita kwamfutar ba ta ɗaukar hoto, umarni kawai take bayarwa, kamar ke."

Kai, ka sha wuya! Wata ta yi kore, wata ta yi ja, Baba ya fito kamar atamfa. Robar gefe ta raba masa hanci biyu, ka ɓalle robobin don gilasan su haɗu, wuta ta fizge ka har ka zauna daɓas. In aka kunna su lokaci guda janareto ya mutu, dole ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da abin ya daidaita, da hantsi ne. Ka toshe taga da bargo, ka danna maɓalli, hoton ya tsaya cak. Fuskar Baba ta cika bango. Inna ta matso har numfashinta na taɓa gilashi. Can ta ce, "Ga shi nan. Ko a nan ma bai gyara hularsa ba."

Kullum sai ta zauna gabansa har damina ta faɗi, idon ya rufe gaba ɗaya.

Yaya, tana nan da ranta. Na tambaye ta ko duhun na damunta, ta ce a'a, ai ba ita kaɗai ta shiga ba, Habu ya haɗa ta da Malam. Fuskarka ce yanzu take sa ni in kwatanta mata.

Na gode, ɗan'uwana. Allah Ya haskaka kabarinka fiye da yadda ka haskaka ɗakin nan, Ya sada ka da Baba a Aljanna.

Taka,
Sa'a, daga Kazaure